Yadda zaka lissafa husufin rana mai zobe da kalkuletar wayarka

Ranar Asabar 6 ga Fabrairu 2027, gab da magariba, duk wanda ke Legas ko Kwatano ko Lome ko Akra ko Abijan, in hazo bai rufe gari ba, zai ga rana ta koma kamar zoben zinare, tsakiyarta baƙi wuluk gefenta kuma yana ci da haske. Wannan shi ake cewa husufi mai zobe. Na sha jin mutane idan an sanar da irin wannan tun da shekara guda suna cewa ai duba ne, wa ya san gobe in ba Allah ba, kuma abin yana damuna sosai domin babu duba ko ɗaya a ciki, tarawa ce da ninkawa, kuma Alƙur'ani da kansa a Suratur Rahman ya ce rana da wata da lissafi suke tafiya. Toh shi wannan lissafin nake so mu yi tare yau, da lambobi na gaske, har ka fitar da ranar da awar da kanka.

Abin da kake buƙata kalkuleta ce mai sin da cos, ta wayarka ma ta isa in ka juya wayar a kwance, sai dai ka tabbatar tana kan DEG wato awon digiri ba RAD ba, nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. In kana da Excel ya fi sauƙi.

Tambayoyi uku ne kawai. Yaushe wata zai shiga tsakaninmu da rana, shin a lokacin ya daidaita da ita ko ya bi ta sama ko ta ƙasa, sannan in ya daidaita ɗin yana kusa da mu ne ko yana nesa. Ta ukun ita ce ke raba husufin da ke kawo duhu gaba ɗaya da mai zobe.

Kafin lambobi bari mu fahimci hoton. Husufin rana baya faruwa sai a ƙarshen watan Musulunci, lokacin da wata ya ɓuya, ranar 28 ko 29, domin lokacin ne yake ɓangare ɗaya da rana. Daga ɓuya zuwa ɓuya kwana 29.530589 ne a matsakaici. Kaga da hanyar wata da ta rana a kan layi ɗaya suke da kowane wata sai an yi husufi, amma hanyar wata a karkace take da kusan digiri 5, wata kuwa faɗinsa a sama rabin digiri ne kawai, don haka mafi yawan lokuta inuwarsa wucewa take ta saman duniya ko ta ƙarƙashinta ba ta taɓa kowa ba. Hanyoyin biyu suna gittawa a wuri biyu, mu kira su mahaɗa, kuma sai ɓuyan wata ya faɗo kusa da ɗaya daga cikin mahaɗar nan sannan a yi husufi. Wata yana dawowa mahaɗa ɗaya duk kwana 27.212221. Sannan hanyar tasa ba da'ira ce cikakkiya ba, ta ɗan yi tsawo kamar ƙwai, wani lokacin ya matso har kusan kilomita 356,500 wani lokacin ya yi nisa har 406,700, kuma daga matsowa zuwa matsowa kwana 27.554550 ne. Agogo uku kenan kowanne da nasa gudun, aikinmu mu gano inda kowanne ya nuna a rana ɗaya.

Lambobin da zan yi amfani da su na Jean Meeus ne, wani masanin lissafin taurari ɗan ƙasar Beljiyam, na dai rage su na bar manyan don a iya yi da hannu.

Mataki na farko, ba wa watan lamba. An ɗauki ɓuyan watan 6 ga Janairu 2000 a matsayin sifili, na bayansa 1, na bayansa 2, haka dai, ana kiran lambar k. Ka ɗauki shekarar da kake so, ka ɗebe 2000, ka ninka da 12.3685 wato yawan watanni a shekarar rana. Farkon Fabrairu 2027 kusan 2027.10 ne, ɗebe 2000 saura 27.10, sau 12.3685 ya ba da 335.19, sai ka ɗauki cikakkiyar lamba mafi kusa, k = 335. Dole ta zama cikakkiya, in ka sa rabi kamar 335.5 ka koma tsakiyar wata, can kuma husufin wata ake nema.

Yanzu ranar. 335 sau 29.530588861 ya ba da kwana 9892.747. Mafarin shi ne 6 ga Janairu 2000 ƙarfe 2:20 na rana agogon GMT. Daga nan zuwa 6 ga Janairu 2027 kwana 9862 ne in ka ƙirga shekaru bakwai masu 29 ga Fabrairu da ke ciki, saura kwana 30 da ɗigo 747, kwana 30 ya kai ka 5 ga Fabrairu, ɗigo 747 na yini kuma awa 17 da minti 56 ne, ka ɗora a kan 2:20 na rana ka faɗa 6 ga Fabrairu ƙarfe 8:17 na safe. Ka ajiye wannan, matsakaicin lokaci ne, zamu gyara shi a gaba.

Mataki na biyu shi ne wanda ke yanke hukunci ko akwai husufi ko babu. Muna neman nisan wata daga mahaɗa, ana rubuta shi F:

F = 160.7108 + 390.67050284 × k

Da k = 335 zaka samu 131035.329. Kar girman lambar ya tsorata ka, digiri ne, kuma duk 360 zagaye ɗaya ne, sai ka yi ta zubar da 360 har abin da ya rage ya gaza 360. A nan 360 sau 363 shi ne 130680, ɗebe, saura 355.33. A Excel MOD ce ke yin wannan. Mahaɗa ɗaya tana kan 0 wanda shi ne 360, ɗayar tana kan 180. Namu 355.33 saura digiri 4.67 kawai ya kai 360, ya matso sosai kenan. Ƙa'idar ita ce in tazarar daga mahaɗa ba ta kai digiri 13.9 ba husufi tabbas, in ta wuce 21 babu, in tana tsakani sai an ƙara bincike. Gwada watan da ke biye ka gani, kowane wata F na ƙaruwa da 30.67, don haka k = 336 zai ba ka 26.0, ya wuce 21, babu husufi a Maris. Wanda ya gabata kuma 324.66, nesa da 360 da digiri 35, shi ma babu. Wannan tsallen na 30.67 shi ya sa husufi ke zuwa a zango zango, kusan duk wata shida, lokacin da F ta zagayo daga wannan mahaɗar zuwa waccan.

Mataki na uku, inda zoben yake. Muna buƙatar lambobi biyu, M' mai nuna inda wata yake daga wurin da ya fi matsowa kusa da mu, da M mai nuna haka game da duniya da rana:

M' = 201.5643 + 385.81693528 × k
M = 2.5534 + 29.10535670 × k

Bayan zubar da 360, M' = 210.24, M = 32.85. Karanta su haka, M' kusa da 0 wata yana kusa kuma ya yi girma a ido, kusa da 180 yana can ƙarshen nisansa ya ƙanƙance. Namu 210, digiri 30 kawai da wuce ƙarshen nisa, kwana biyu kenan da ɗan wani abu a matsakaicin lissafi, wata ƙarami ne a ranar. M kuma 0 shi ne farkon Janairu lokacin da duniya ta fi kusa da rana, kilomita miliyan 147.1, 180 kuma farkon Yuli, miliyan 152.1. Eh, lokacin sanyin hunturu ne muka fi kusa da rana, mutane da yawa basa yarda da wannan sai sun duba, sanyi da zafi daga karkacewar duniya suke zuwa. Toh namu 32.85, rana tana kusa ta yi girma. Ƙaramin wata a gaban babbar rana, tun nan ma ka san amsar.

Amma ina so ka ga abin da idonka don nan ne daɗin yake. Girman abu a sama shi ne faɗinsa raba nisansa sau 3438, amsar tana fitowa a daƙiƙar kusurwa, wato digiri ɗaya an raba shi 60. Faɗin wata kilomita 3,474, nisansa a wannan ranar kusan 402,500, ya ba da 29.7. Faɗin rana kusan 1,392,000, nisanta a farkon Fabrairu miliyan 147.5, ya ba da 32.4. Raba su kafin ka taƙaita lambobin ka samu 0.915, wata bai kai rana ba. Sai dai wannan daga cibiyar duniya aka auna, kai kuma a bayan ƙasa kake tsaye, wanda ke daidai ƙarƙashin wata ya fi cibiya kusa da shi da kilomita 6,000 da wani abu, in ka ɗebe wannan nisan ya koma kusan 396,400 rabon ya haura 0.928, kuma 0.928 ɗin ita ce lambar da zaka gani a jadawalin NASA na wannan husufin. Ranar da na fara samun lamba ta ta yi daidai da tasu na daɗe ina kallon takardar.

Wata hanyar kallon abin ita ce inuwa. Tunda rana ta fi wata girma nesa ba kusa ba, inuwar wata mai duhu tana tafiya tana tsukewa kamar mazurari har ta ƙare a tsini. Tsawonta shi ne nisan rana daga wata sau faɗin wata raba bambancin faɗinsu, a ranar kusan kilomita 368,000. Ƙasa kuma tana 396,400. Tsinin ya ƙare a sarari saura kilomita 28,000 ya iso mu. Wanda ke tsaye a bayan tsinin, kan layinsa, shi ke ganin wata ya shige cikin rana gaba ɗaya gefe ya rage. Abin da ya sa zobe ya fi duhu yawa kenan, a matsakaici inuwar ba ta isowa. A kundin NASA da Fred Espenak da Meeus suka haɗa na shekara dubu biyar akwai husufin rana 11,898, masu zobe 3,956, masu duhu gaba ɗaya 3,173. Al-Battani, wanda ya yi aikinsa a Raƙƙa ta Sham ya rasu a 929, tun lokacin ya lura girman rana da wata a ido yana canzawa har ya nuna zobe abu ne mai yiwuwa, da kayan aunawa na hannu babu madubin hangen nesa.

In baka da nisan wata a hannu, akwai gajeriyar hanya da M da M' kaɗai:

u = 0.0059 + 0.0046 × cos M − 0.0182 × cos M'

cos 32.85 shi ne 0.840, cos 210.24 shi ne −0.864, ka kula da alamar ɗebewa biyu da suka haɗu suka zama tarawa, u = 0.0059 + 0.0039 + 0.0157 = 0.0255. In u ta gaza sifili duhu ne gaba ɗaya, in ta wuce 0.0047 zobe ne, in tana tsakani yana iya zama mai gauraye wanda ke farawa da zobe ya koma duhu a tsakiyar hanya. Namu ta wuce da nisa.

Saura abu ɗaya da ake mantawa, zobe baya bayyana sai tsakiyar inuwar ta bugi duniya. In ta kuskure ta wuce ta saman ƙarshen arewa ko ƙarshen kudu, gutsure kawai za a gani ko ina. Lambar da ke faɗin wannan sunanta gamma, ita ce tazarar tsakiyar inuwa daga cibiyar duniya, ana aunawa da rabin faɗin duniya a matsayin 1, kuma sai ka fara fitar da lambobin taimako biyu, P da Q:

P = 0.2070 × sin M − 0.0392 × sin M'
Q = 5.2207 − 0.3299 × cos M'
gamma = P × cos F + Q × sin F

P ta fito 0.132, Q ta fito 5.506, cos F 0.997, sin F −0.0814, gamma kusan −0.32. Cikakken lissafi da duk ƙananan gyare gyare yana ba da −0.295, kaga bamu yi nisa ba. Matuƙar lambar ba ta kai 0.9972 ba, ka manta da alamar, inuwar ta bugi ƙasa. Alamar ɗebewa tana nufin kudu da cibiya, kuma haka ne, hanyar zoben zata bi ta Chile da Ajantina ta tsallaka tekun Atlantika ta kudu sannan ta hauro gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarshenta.

Yanzu mu koma agogo. Mun ajiye 8:17 na safe. Wata baya gudu iri ɗaya, in ya matso yana sauri in ya yi nisa yana jan ƙafa, haka ma duniya, don haka sai an gyara. Manyan gyare gyaren uku, da kwana ake auna su: −0.4072 sau sin M' ya ba da +0.205, sai 0.1724 sau sin M ya ba da +0.094, sai 0.0161 sau sin na M' ninki biyu ya ba da +0.014. Jimla 0.313 na yini, awa bakwai da rabi. 8:17 da awa bakwai da rabi, 3:47 na yamma GMT. Ainihin tsakiyar husufin kusan ƙarfe 4:00 ne, minti goma sha wani abu tsakani, da layi uku kacal. Wannan ƙarfe 4 ɗin lokacin da inuwa ke tsakiyar tafiyarta ne a kan teku inda zoben zai kai minti 7 da sakan 51, mu a ƙarshen layi muke, sai ta iso mu rana na shirin faɗuwa. Mu na Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram bama kan layin, rana zata faɗi mana ne a gutsure. Kuma ranar ta zo daidai ƙarshen Sha'aban na 1448, ana jiran watan azumi.

Akwai hanyar duba aikinka wadda ta girmi duk waɗannan lambobin, mutanen Babila sun san ta fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Wata 223 kwana 6585.32 ne, zagayen mahaɗa 242 kwana 6585.36, zagayen kusa da nesa 239 kwana 6585.54. Agogo ukun nan sun kusa haɗuwa a wuri ɗaya, shi ake kira saros, shekara 18 da kwana 10 ko 11 da awa 8. Koma baya daga 6 ga Fabrairu 2027 zaka faɗa 26 ga Janairu 2009, kuma an yi husufi mai zobe ranar a tekun Indiya da Indunusiya wajen ƙarfe 8 na safe GMT. Ƙara awa 8, ga ƙarfe 4 ɗinmu. Gaba kuma 16 ga Fabrairu 2045. Awa takwas ɗin nan ita ke sa husufin ya matsa yamma da kashi ɗaya bisa uku na duniya kowane zagaye. Wanda ya tuna 29 ga Maris 2006, ranar da gari ya yi duhu da hantsi a yankin Zamfara da Katsina har kaji suka nufi akurki, ɗan'uwan husufin 2006 ɗin ne, bayan saros ɗaya, ya sauka a Meziko da Amurka da Kanada ranar 8 ga Afrilu 2024. Da irin wannan komawa bayan ne masana suka samo husufin 27 ga Janairu 632, wanda da yawansu ke ganin shi ne na ranar rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ranar da ya ce rana da wata ayoyin Allah ne basa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Inda hannu ke tsayawa shi ne zana layin a taswira, a ce wannan unguwar tana ciki waccan tana waje. Wannan da hanyar Friedrich Bessel ta 1824 ake yi, ana ɗaukar wani shimfiɗaɗɗen allo da ya ratsa cibiyar duniya yana fuskantar inuwar, a bi tafiyar inuwa a kansa minti minti sannan a mayar da ita kan duniya mai juyawa. Har sai an saka bambancin agogon lissafi da juyawar duniya ta gaske, wanda yanzu kusan sakan 69 ne, in ka manta shi layinka zai goce da kilomita 30 da wani abu. Wannan ka bar wa kwamfuta, manhajar Stellarium kyauta ce, ka sa garinka da ranar ka kwatanta da abin da ka samu.

Dan Allah batun ido. 0.928 sau 0.928 shi ne 0.86, kashi 14 cikin 100 na fuskar rana yana nan a buɗe ko a tsakiyar zoben, kuma ya isa ya ƙona cikin ido ba tare da ka ji zafi ba. Babu daƙiƙa ɗaya a husufi mai zobe da ake kallo da ido tsirara. Baƙin tabarau na kwalliya baya yi, fim ɗin hoton asibiti baya yi, kallo a cikin ruwan kwano ma ba kariya ba ce. Ko tabarau na husufi mai lambar ISO 12312-2, ko gilashin walda mai lamba 14, ko ka huda kwali da allura ka juya wa rana baya ka bar hasken ya faɗa kan farar takarda ko bango. Rariya ma tana yi, kowane rami zai zana maka ƙaramin zobe a bangon, kuma yara sun fi son wannan.

Aikin gida, k = 341, wata shida bayan namu. Ya kamata ka samu F kusa da 179.4, M' kusa da 5, M kusa da 207, u kuma ƙasa da sifili, wajen −0.016. Babban wata a gaban ƙaramar rana kenan, ranar Litinin 2 ga Agusta 2027, duhu na sama da minti 6 kusa da Luksor a Masar, kuma layin zai bi ta Jidda da Makka. In lambobinka basu yi kama da waɗannan ba, fara duba ko kalkuletar ta koma RAD.